Abubuwan da ke kayar da mai babur, da yadda za ka kauce musu tun daga ƙofar gida

Idan ka je dubiya asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko ɓangaren haɗurra na wani babban asibiti a Arewa, ka zauna ka saurari masu jinya, da wuya ka tashi ba ka ji an ambaci babur ba. Wani mota ce ta shigo masa a mahaɗa, wani yashi ne ya kwashe shi a kwana, wata kuma hijabinta ne ya shige taya. Kusan kowa zai rufe labarinsa da cewa tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara, amma na fi shekara 15 ina hawa babur, na faɗi, na ga an faɗi, na kuma taimaka an ɗauki waɗanda suka faɗi. Abin da na lura shi ne haɗurran nan kamarsu ɗaya. Dalilai ƙalilan ne suke ta maimaita kansu, kuma yawancinsu tun kafin a tayar da babur aka shuka su. Shi ya sa zan bi da kai, ɗan'uwa, daki-daki, daga inda babur yake kafe har zuwa kan kwalta.

Mataki na 1: duba babur tun yana kafe

Fara da taya, domin abin da ya haɗa ka da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba a gaba da baya. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Ka sa mai faci ya ɗora geji, wato ma'aunin iska. Babura irin su Boxer galibi suna neman kusan 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin naka ko a littafinsa. Iska ta yi kaɗan, babur zai riƙa lilo a kwana, taya ta ɗau zafi. Ta yi yawa, riƙon ƙasa ya ragu. Tayar da zanenta ya suɗe kuwa, ranar da aka yi ruwa za ta nuna maka halinta. Akwai lambobi huɗu a gefen taya da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: idan ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, don haka kada kyan zane ya ruɗe ka ka sayi tsohuwar ajiya.

Sai birki. Ka tura babur, ka matse na hannu, ka ga ko ya kafe. Ka taka na ƙafa, ka ga ko sai ya kusa taɓa ƙasa kafin ya kama. Idan kebur ya fara warwarewa, ko da sili biyu ne suka tsinke, canza shi yau. Sarƙa, wato cen, kada sakinta ya wuce faɗin yatsu biyu idan ka ɗaga ta daga tsakiya. Wadda ta yi sako-sako tana iya zamewa ta naɗe, tayar baya ta kulle kana tsakiyar gudu. Murfin cen ɗin nan da ake cirewa a yar, ka mayar da shi. Za ka ga dalili idan mun zo maganar goyo.

Madubi kuma, ban san wanda ya fara koya wa samarinmu cewa cire shi gayu ba ne. Sabon babur zai fito daga shago da madubai biyu, kafin magariba an kwance su. Wanda ba shi da madubi dole ya waiwaya, kuma duk daƙiƙar da ya waiwaya, gabansa babu mai gani. Ka gwada fitila, sigina, hon da danjar baya. Duk wannan binciken bai kai minti uku ba.

Mataki na 2: duba kanka

Babur lafiyayye a hannun mutumin da bai yi barci ba bai da maraba da maras birki. Mai haya da ke neman cika balas yakan fito tun asuba ya kai dare, sai ya nemi abin da zai riƙe shi: tiramadol, gadagi, ko wata ƙwaya da abokai suka ce tana kashe gajiya. Ba ta kashe gajiya, ɓoye ta take yi. Jiki yana nan a gajiye, sai dai tsoro ya fita daga zuciya, mutum ya ga ratar da kaza ba za ta bi ba ya ce zai shige. Haka maganin mura mai sa barci, shi ma ka kiyaye shi ranar da za ka yi tafiya. A watan azumi, lokacin da ake dab da shan ruwa yana da hatsari ƙwarai, kowa a gajiye, kowa na sauri. Gara ka sa dabino a aljihu ka buɗe baki a gefen titi.

Waya ta zauna a aljihu. Idan kira ya zama dole, sauka gefe. Maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa yana karkatar da wuya, kuma inda kai ya karkata nan babur yake bi.

Hular kwano ba ta hana haɗari, amma ita ce take raba wanda zai tashi ya karkaɗe riga da wanda za a ɗauka. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, a Kano har ƙwarya wasu suka kifa a kai don su wuce jami'ai. An yi ta dariya a lokacin, amma abin ya nuna yadda muka ɗauki hular: kariya daga kamu, ba kariya daga kwalta ba. Har yau za ka ga an rataye ta a kan babur, ko an ɗora ta a kai ba a ɗaure igiyar haɓa ba. Wadda ba a ɗaure ba tana tashi tun kafin kai ya isa ƙasa. Hular magina ta roba ma ba ta babur ba ce. Nemi mai kauri, mai soso a ciki, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, mai gilashin da zai tare maka ƙura da ƙwari. Idan ta taɓa buguwa da ƙarfi, ta gama aikinta ko da ba ka ga tsagewa ba. Ka sa takalmi mai rufi, domin silifa tana zamewa daga kan birki. Babbar riga kuma a tattare ta a zauna a kai.

Mataki na 3: goyo da kaya

Babur na mutum biyu ne. Na san halin da ake ciki, na san maigida da uwargida da yara uku a kan babur ɗaya ba don son ransu ba ne, kuɗin mota ne babu. Duk da haka ka san abin da kake ɗauka. Nauyi idan ya taru a baya, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya daina jin magana, birki kuma ya buƙaci ƙarin nisa kafin ya tsayar da ku. Yaron da aka ɗora a kan tanki shi ne zai fara bugun ƙarfe idan aka ja birki da ƙarfi. Idan da hali, yi sawu biyu.

Kafin ka ja, waiwaya ka ce, "Hajiya, a tattare hijabin nan, a riƙe shi a cinya." Kada ka ji nauyin faɗa, ko da sa'ar mahaifiyarka ce. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da gefen abayarta ya shige tsakanin cen da taya. Kafin mai babur ya ankara, an fizgo ta ta baya, keyarta ta bugi kwalta, kuma ba wani gudu suke yi ba. Gyale, zani, igiyar jaka, duk haka suke. Ka nuna wa fasinja inda zai ɗora ƙafa don kada salansa ta ƙone shi, ka kuma ce masa idan kun shiga kwana ya bi jikinka, kada ya miƙe zuwa ɗaya gefen don tsoro.

Kaya kuma a ɗaure su tamau, a raba nauyin daidai hagu da dama. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wahala, domin ruwan yana kai-komo yana jan babur. Rodi, katako ko kwanon rufi da aka gicciye ya fi faɗin babur, wannan aikin kura ne ko a daidaita sahu.

Mataki na 4: gudu da tazara

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta sa wa babur iyakar kilomita 50 a awa. Mutane da yawa suna ganin wannan tafiyar hawainiya ce, to bari mu yi lissafi. A gudun 50, kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A gudun 80, mita 22 ne. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da hannunka ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, sau da yawa ma fiye. Wato ka riga ka ci waɗannan mitocin birki bai fara aiki ba. Sannan nisan da birki yake buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa, haka ma ƙarfin buguwar. Wanda yake 30 a cikin unguwa zai tsaya a gaban yaron. Wanda yake 60 zai tsaya ne bayan ya wuce ta kansa.

Ga yadda za ka auna tazara. Ka zaɓi wata alama, kamar turken lantarki. Motar gabanka na wuce shi, ka fara ƙirga a hankali: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. Idan ka isa turken ba ka gama ba, ka matse ta da yawa. In ana ruwa ko da goyo, ƙara biyu a kai. Kada kuma ka bi tsakiyar bayan mota daidai, domin ita za ta ratsa rami ko dutse ta tsakanin tayoyinta, kai kuma sai dai ka gan shi a ƙarƙashinka. Bi sawun tayarta ta hagu, inda direba zai gan ka a madubi.

Wasan babur ranar ɗaukar amarya ko ranar Sallah, ɗaga kai da sakin hannu da kwanciya a kan tanki, ba ni da wata dabara da zan koyar a kai illa a bari. Gidajen biki nawa ne suka koma zaman makoki kafin la'asar.

Mataki na 5: koyi birkin gaba

A nan nake so ka fi ba ni hankalinka. Yawancinmu a lungu muka koyi babur, wurin yayye ko abokai, kuma karatun farko da aka ba mu shi ne, "Kada ka taɓa birkin gaba, zai wuntsila da kai." Wannan karatun ya jawo asarar rayuka. Idan ka ja birki, nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai, ranar da abu ya taso masa zai taka da ƙarfi, tayar baya ta kulle, babur ya juya gefe ya tafi da shi a kwance har cikin abin da yake ƙoƙarin kauce wa.

Abin da ke kayar da mutum ba birkin gaba ba ne, fizgarsa ne. Ana matsa shi ne kamar yadda ake matse lemon tsami: a fara a hankali, idan aka ji gaban babur ya ɗan nutse, sai a ƙara ƙarfi. Ka nemi fili mai kwalta ko ƙasa mai tauri wadda babu yashi, da sassafe. Ka ajiye alama. Ka taho a gudun 20, kana isa alamar ka saki totur, ka matsa na hannu da na ƙafa tare, ka kama kulochi dab da tsayawa, idonka na kallon gaba ba ƙasa ba, kan babur a miƙe. Ka sa dutse inda ka tsaya. Maimaita sau 10, za ka ga dutsen yana matsowa. Sai ka koma 30, sannan 40. Ka sake gwadawa da na ƙafa kaɗai don ka ga bambancin da idonka. Idan tayar gaba ta yi alamar kullewa, saki nan take ka sake matsawa. Ka riƙa komawa filin nan lokaci-lokaci, domin ranar firgita hannu abin da ya saba yake yi, ba abin da ƙwaƙwalwa ta karanta ba.

Wuri biyu ne za ka yi hattara da shi: cikin kwana lokacin da babur yake a karkace, da kan yashi ko laka. Saboda haka gama rage gudunka tun kafin ka shiga kwana, ka shiga da giyar da ta dace, ka kalli inda kake son fita. Babur inda ido ya kafe yake zuwa. Ka zuba wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Mataki na 6: mahaɗa, da maganar "ban gan shi ba"

Ka tambayi direban da ya buge mai babur, amsar kusan kullum ɗaya ce: wallahi ban gan shi ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Idon direba mota yake nema, babur siriri ne, turke ko a daidaita sahu ɗaya ya isa ya ɓoye shi, kuma yana da wuya a kimanta gudun abu ƙarami da ke tahowa. Mafi munin yanayi shi ne motar da ke fuskantarka ta karya hagu ta gicciye maka hanya, ko wadda ke fitowa daga layi ko gidan mai.

Don haka ka ɗauka ba a ganinka. Kunna fitila ko da rana. Kana tunkarar mahaɗa, saki totur, ɗora yatsu biyu a kan birki. Kada ka dogara da sigina ko da haɗa ido da direba. Kalli tayar gaban motar, ita ce ba ta ƙarya. Ta fara motsi, ka ɗauka ya shigo. Idan danja ta ba ka hannu, dakata daƙiƙa ɗaya ka duba hagu da dama, saboda mai ƙoƙarin tsallake ja. A shataletale, na ciki ake ba hanya.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, a daidaita sahu ya cika titunan birnin, kuma haka abin yake a garuruwa da dama. Mai a daidaita sahu idonsa na gefen titi yana neman fasinja. Da an ɗaga masa hannu zai yanke dama ya tsaya, ba sigina ba komai. Kada ka taɓa bi ta damarsa, tsakaninsa da bakin titi. Haka motar da ta tsaya yanzu-yanzu, ba ta ratar faɗin ƙofa, domin ana iya buɗewa. Aron hannu kuma, wato bin hanyar da ba taka ba don gudun zagaye, yana sa ka fito ta inda babu mai tsammaninka. Mai tsallaka titi ma ɗaya gefen yake kallo.

Mataki na 7: tirela, tifa da tanka

Idan ba ka ganin fuskar direban babbar mota a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Dab da gabansa, dab da bayansa, da duk tsawon gefensa na dama, wurare ne da kake ɓacewa. Tirelar da za ta karya dama takan fara buɗewa hagu, sai ta bar wani fili mai jan hankali a damarta. Kada ka shiga. Tayoyin baya ta nan za su biyo, kuma a nan ake niƙe masu babur. Idan za ka wuce babbar mota, ja baya har ka ga gaba sosai, ka wuce ta hagu, ka wuce gaba ɗaya ba tare da jerawa da ita ba, kuma ban da kwana, gada ko hawa. Idan ita ce ke tahowa a guje, matsa dama ka riƙe kan babur da kyau saboda iskarta.

Mataki na 8: karanta ƙasa

Yashi yana taruwa a bakin kwalta da cikin kwana, musamman bayan ruwa. Idan ka tsinci kanka a kai, kada ka ja birki da ƙarfi, kada ka karya kai. Miƙe babur ka bar shi ya ratsa. Ruwan farkon damina ya fi kowanne santsi, domin yana taso da man da ya shekara yana ɗiga a titi. Ruwan da ya kwanta kuma ba ka san ramin da ke ƙarƙashinsa ba, ko kwalbatin da aka sace wa murfi. Da kaka, manoma na shanya hatsi da barkono a gefen kwalta, har su jera duwatsu don kare shanyar. Ƙwayar masara a ƙarƙashin taya kamar ƙwallayen boris take. Akuya ɗaya ta tsallaka, jira 'ya'yanta. Ƙwallo ta faɗo titi, yaro na biye.

Da dare, kada gudunka ya wuce inda haskenka ya kai. Motar da ta lalace a kan hanya sau da yawa ganye kawai ake jera mata, wani lokacin ko shi babu. Idan mai tahowa ya dalle ka da fitila, mayar da idonka bakin titi na dama ka rage gudu. Fitila ɗaya da ka hango tana iya zama mota mai ido ɗaya, don haka ba ta fili kamar mota ce. A hazon hunturu, yi amfani da ƙaramar fitila, babbar tana dawo maka da haske ne a ido.

Idan abin ya riga ya faru

Fara da tsare wurin don kada wata mota ta ƙara hawa kansu, ka kashe babur saboda fetur. Kira 122, lambar FRSC, ko 112. Kada a ɗaga wanda ya faɗi a zaunar da shi, kada a cire masa hular kwano sai idan numfashinsa ya toshe, kuma kada a ɗura masa ruwa ko madara. Idan dole a matsar da shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, sauran su ɗaga jiki gaba ɗaya a kan wani abu mai tauri kamar katako. Naɗe shi a cusa a bayan a daidaita sahu yana iya mayar da tsagewar ƙashin baya ta zama shanyewar ƙafafu. Inda jini ke zuba, danna da tsumma mai tsabta, kada ka saki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, a kuma sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewar magana, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci, alamu ne na a koma da shi nan take. Karaya kuma a fara ɗaukar hoto kafin a yi maganar ɗori, musamman idan ƙashi ya huda fata ko karayar tana kusa da gaɓa. Idan an ɗaure, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.